Dala Arba'in a Ƙofar Fili

Garwa, daren Lahadi, 1974

Kwana da kwanaki na yi ina zagaya kasuwa da bakin kogin Binuwai, ina tambayar teloli da 'yan dako nawa za su iya biya su kalli ƙungiyar ƙwallonmu. Kowa ya ce dala goma. Shugabanmu Alhaji Bakari ya ce, "Malam, perefe mai mulkin gari zai zo, ba ma son tarkace. Dala arba'in."

Yau perefe bai zo ba. Mun ci 'yan Bibemi, fili wayam, mutanenmu na kan bishiyoyi suna ihu daga waje.

Da aka tashi, Alhaji ya tsare ni gaban mutane, wai ni ne ban yi shela ba. Kuma na buɗe baki na ba shi haƙuri.