Na Sa Muryar Mama a Shafina, Ga Shi Za Ta Zo Bikin

Anti Keziya, don Allah ki taimake ni, kuma idan da hali ki amsa mini a fitowar wannan makon, domin abin da nake tsoro ranar Asabar ɗin ƙarshen wata zai faru.

Ni budurwa ce, na gama jami'a, ina aiki a wani shagon buga takardu a Samaru. Shekara biyu da suka wuce na buɗe shafi a intanet, irin wanda ake ce wa bulog. Ba na sa komai a ciki sai kiɗan da matasan Zariya suke haɗawa a kwamfuta, wanda suke kira bit. Babu mawaƙi, babu kamfani, mutum ne kawai da tsohuwar kwamfutarsa da hedifon a kunne. Idan na tashi daga aiki sai in shiga kafe, wato shagon intanet, in sayi lokaci, in zauna ina kallon kiɗa ɗaya yana hawa shafin a hankali, wani lokaci ya kusa gamawa a ɗauke wuta, in sake daga farko. Ban taɓa gajiya ba.

Kada ki ɗauka shirme ne, Anti. Akwai ɗalibin da ya naɗi ƙarar injin markaɗe a kasuwar Samaru ya mayar da ita kiɗan da sai kin taka. Akwai wata 'yar soja daga Basawa da ta yi nata da kukan jirgin ƙasa. Haka aikin yake: a yanko ɗan guntun sauti, a yi ta maimaita shi, a ɗora masa ganguna. A wurinmu duk abin da kunne ya ji kayan aiki ne, ba ma tambayar na wane ne. Sabawa da hakan ce ta jefa ni inda nake.

Babanmu ya rasu shekara huɗu ke nan. Mama ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'armu. Da aka yi sujadar tunawa da shi, ta tsara waƙa da kanta, matan zumunta suka riƙa amsa mata suna buga tulu suna kaɗa caki, wani ya naɗa a kaset. Duk ranar da kewarsa ta taso mata kaset ɗin nan take sawa, har rediyo ta fara taune shi. Wata uku da suka wuce ta naɗe shi a ɗankwali ta ba ni, ta ce tunda ni ce 'yar kwamfuta, in kai a juye mata a faifan sidi kafin ya lalace.

Na kai wa wani abokina, bari in kira shi Ebube. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa daɗi, yana da ɗan shago inda yake juye kaset da zuba wa mutane waƙoƙi a waya, kuma duk cikin masu turo mini kiɗa babu kamarsa. Bayan mako guda ya kira ni, ya ce Madam Edita, wato ni, ta zo da kunnenta ta bar bakinta a gida. Na je ya sa mini hedifon.

Anti, a cikin waƙar akwai inda Mama ta zo ambaton sunan Baba sai muryarta ta karye, ta ja numfashi, mai tulu ta ci gaba da bugu ita kaɗai. Nan ya yanko. Bai ɗauki kalma ko ɗaya ba, daga jan muryar sai karyewar sai numfashin sai bugun tulun. Ya maimaita su, ya shimfiɗa wani kiɗa mai nauyi a ƙarƙashi. Tunda nake ban taɓa jin abu mai kyau haka ba. Na yi kuka a shagon, shi kuma ya juya baya yana goge kwamfutar da ba ta yi datti ba. Daga nan ya tambaye ni ko Mama ba za ta damu ba idan aka sa a shafi. Ina so ki riƙe wannan, ya tambaya. Ni ce na ce ya bar ni da Mama. A ranar na ɗora kiɗan, na rubuta sunansa a ƙasa, ban rubuta na kowa ba.

A tunanina mutum nawa ne ma suke shiga shafin? 'Yan ɗalibai ne da wasu 'yan Kaduna da Jos. Ashe kiɗa ba ya zama inda aka ajiye shi. Ana ta tura shi daga waya zuwa waya. Na ji shi a wayar wani ɗan acaba na yi kamar ban sani ba. Makon jiya da la'asar ina wucewa ta wani layi a Sabon Gari sai na ji shi yana tashi daga sifikar wata mashaya. Maza riƙe da kwalabe suna rawa, duk lokacin da muryar ta karye sai su ɗaga hannu su yi ihu. Na tsaya ina kallonsu. Mamata ce take kukan mijinta, su kuma nan ne ya fi yi musu daɗi.

Yanzu ga bikin cikar shafin shekara biyu. Mun kama wani ɗan zauren taro a Sabon Gari, mun samo janareto, kowane mai haɗa kiɗa zai sa nasa, wasunsu ma sai ranar zan fara ganin fuskarsu. Na Ebube ne zai rufe taro, kowa shi yake jira. Ƙanwata ta je ta fesa wa Mama zancen bikin. Mama ba ta san bulog ba, ita dai tana gaya wa mutane 'yarta edita ce. Ta je ta sanar a zumunta, kuma kin san al'adarsu, idan 'yar ɗayarsu tana da sha'ani sai su ɗaura zane iri ɗaya su zo taya murna ko ba a ba su kati ba. Shugabarsu, Uwar Zumunta, da bakinta ta ce mini za su zo da shinkafa da zoɓo, kuma za su ɗauko tulunsu su yi mana waƙa ɗaya ta sa albarka. Matar da ta buga tulun a kaset ɗin tana cikinsu. Ko ba kalma, bugu biyu za ta ji ta gane hannunta.

Na yi tunanin in ce wa Mama an ɗage bikin. Na yi tunanin in sa Ebube ya murɗe muryar har ba wanda zai gane ta. Na yi tunanin in cire kiɗan daga jeri in yi shiru, amma na san mutane za su yi ta kiran a sa, ko wayar wani ta yi ƙara da shi a tsakiyar addu'a. Sidin nata ma yana cikin jakata tun wancan lokacin, na kasa miƙa mata. Duk ta tambaya sai in ce mai shagon bai gama ba. Jiya har ta ce in gaya wa yaron nan ya ji tsoron Allah, kaset ɗaya kamar ginin gida.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne har yanzu ina son kiɗan. Kullum sai na saurara. Ba na so in rasa shi, ba na so in kashe wa Ebube aikin da ya fi kowanne a rayuwarsa, amma idan na tuna fuskar Mama a cikin zanen zumunta, gaban ƙawayenta, lokacin da sifika za ta sako numfashinta, sai in rasa inda zan sa kaina. Yaya zan yi, Anti?

Mai Shafi, Samaru

*

'Yata Mai Shafi,

Barka da cika shekara biyu. Na faɗa da gaske. Wadda ta jure wa kafe da ɗauke wuta don kawai a ji aikin matasan da babu gidan rediyon da ya san da su ta yi abin a yaba mata, kuma kuskure ɗaya bai goge wannan ba. Kiɗan da kike magana ban neme shi ba, da gangan. Akwai wadda ya kamata ta riga ni ji.

Yanko sauti a gina kiɗa da shi ba laifi ba ne, fasaha ce, kuma tun kafin kwamfuta makaɗa suke aro a wurin juna. Inda kuka yi tuntuɓe shi ne kun saba da abubuwan da ba a neman izininsu. Injin markaɗe ba shi da mamaci, jirgin ƙasa ba shi da ƙawayen da zai ji kunyarsu. Da kuka zo kan muryar mutum sai kuka yi mata yadda kuke yi wa inji. Ebube yana da nasa kason laifin, domin kaset ɗin amana ce da aka kawo don aiki ɗaya, ya kamata ya tambaya tun kafin ya yanka. Amma ya tambaya kafin a fitar, ke kika ɗauki nauyin, kuma ga shi kin bar Mama tana ganin baƙinsa a kan jinkirin da ba nasa ba. Wannan ma sai kin gyara.

Dabarunki uku duka ki ajiye su. Idan kika ce an ɗage biki, Zariya ba ta da girman da ƙaryar za ta kwana biyu, kuma Mama ce za ta ji kunya a gaban matan da ta gayyata. Murɗe muryar ba zai taɓa wanda ya riga ya shiga wayoyi ba. Yin shiru kuwa barin abin ne a hannun sa'a, kuma ke da kanki kin faɗi yadda zai iya fashewa. Abin da kike tsoro shi ne ta ji a bainar jama'a. Maganinsa ɗaya ne, ta ji a ɗakinta, daga gare ki, cikin kwanakin nan, ba ana gobe biki ba.

Ki je ke kaɗai, lokacin da gida babu baƙi. Ki gaya mata kafin ki kunna, kada ki yi mata bazata. Ki aro sifika mai kyau, domin idan za ta yanke hukunci gara ta ji abin yadda yake. Ki faɗa mata har maganar mashayar, ki kuma faɗa mata gaskiya cewa wanda ya shiga wayoyin mutane ba ki da ikon dawo da shi. Wannan ne zai fi yi miki wuyar furtawa, shi ne kuma zai fi yi mata ciwo idan a bakin wani ta ji. Idan ta yi faɗa ki saurara, kada ki shiga yi mata bayanin fasaha.

Ban san me za ta ce ba, ke ma ba ki sani ba. Tana iya cewa a cire, kuma tana da cikakken iko. Amma kada ki manta matar da ta zauna ta tsara waƙa mawaƙiya ce, ta riga ki sanin abin da sauti yake yi wa zuciya. Kin yanke mata hukunci sau biyu ba ta nan, da kika ce ba za ta damu ba, da kuma yanzu da kika ce ba za ta iya ɗauka ba. Wannan karon ki bar ta ta faɗi nata. Bayan kun gama sai ki kawo Ebube ya gaishe ta ya ba da haƙuri. Maganar Uwar Zumunta da mai tulu kuwa, ki tambayi Mama yadda za a same su, ta fi ki sanin ƙofar shiga. Mai tulun ma tana da haƙƙi, hannunta ne.

Idan ta ƙi, ki sauke kiɗan daga shafin, ki rubuta dalili a taƙaice, ku kuma sanar tun farkon taro cewa ba za a sa shi ba kuma ana roƙon masu shi a waya su kashe. Bikin ba zai mutu ba, shekara biyunki ba kiɗa ɗaya ba ne, kuma wanda ya iya haɗa wannan zai haɗa wani. Idan ta yarda, sunanta da na mai tulu su hau kusa da na Ebube, ita kuma ta faɗi ko a sa shi a gabanta ko a'a. Ko ta wace hanya, ki shiga shekara ta uku da ƙa'ida: duk wanda ya turo kiɗa mai muryar mutum, ya faɗi ta wane ne kuma ko ya yarda.

Amma kafin duk wannan, ki ciro faifan nan daga jaka. Aikenki aka yi, ki fara kai aiken. Ki zauna kusa da ita ku saurari waƙar tun daga farko. Wata uku kina jin Mamanki a wuri ɗaya, inda muryarta ta karye, tana ta karyewa ba iyaka. A kaset ɗin ba nan ta tsaya ba. Ta ja numfashi, ta dawo, ta ƙarasa waƙarta. Ina ganin ke ma kina bukatar ki ji wannan ɓangaren kafin ki buɗe baki.

Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Mama, ya sa a yi taro lafiya, shafinki kuma ya ga shekaru masu yawa.

Anti Keziya