Tafiyar Ƙasa a Unguwar Masu Mota

Daren Laraba.

Likita ya ce suga ya hau, in rage shinkafa, in riƙa tattaki kullum. Yau na fara bayan la'asar. Ashe a unguwar nan ba a tafiya a ƙasa sai da dalili.

Kafin in kai Giginyu motoci uku suka tsaya mini. Na ƙarshe maƙwabcina ne, Alhaji Sabo.

"Alhaji, lafiya? Ina motar?"

Na ce motsa jiki nake. Ya dubi takalmina, ya ce, "Haka ne. Ritaya sai haƙuri."

Bayan magariba direbansa ya sauke mana buhun shinkafa. Ban ji haushi ba, godiya na aika. Gobe a cikin gida zan yi zagayena, bayan an kulle get.