Ɓerayen Mika'ilu da Idon Malam

Birnin Zazzau, 4 ga Maris, 1991

Zuwa ga ƙanena Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Ibadan, ya aikin jami'a? Allah ya dafa maka.

Sau nawa zan ce ka riƙa rubuto min da ajami? Ka san ban iya boko ba. Wasiƙarka ta zo, Malam ya karɓa zai karanta min, sai ga shi yana karanta wa mutanen zaure, ni matarsa ina bayan ƙofa. Da ya zo inda ka ce kuna aikin farfaɗo da ƙwayoyin cikin jiki masu yin insulin, sai ya ninke takarda ya ce, "Alhamdulillahi, ƙanin iyalina ya gano maganin ciwon suga." Aka shafa fatiha.

Yau kwana goma sha tara rabonsa da allurar ciwon sugan da ake yi masa ta asibiti. Wai wanda ake kai wa tuwo kullum ba ya zuwa gona. Allura ce ta sangarta ƙwayoyinsa, in ya bar su da yunwa za su tashi aiki. Sista Priskila mai duba shi ta taso takanas daga asibitin Wusasa, ya ce mata, "Sista, ke tsira wa mutane allura kika iya, mu masu bincike gare mu a gida." Ko ruwa ba ta sha ba ta tafi.

Randa ba ta kwana da ruwa, buta ba ta hutawa. Amma ido ne ya fi tayar min da hankali. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗinkin aska takwas, jiya ya miƙo min zare ya ce in zura masa. Na karɓa na zura.

Kai ka ɗaura, sai ka kwance. Ka ba Dogara direba amsa.

Yayarka, Sailuba

Ibadan, 9 ga Maris, 1991

Yaya Sailuba,

Wa'alaikumus salam, ina gaishe ki da Malam. Ga ajamin, ki yi haƙuri da hannuna.

Innalillahi! Yaya, a ɓeraye muke gwadawa! A shafi na biyu na rubuta haka, bai juya takardar ba ne? Ko nan da shekara ashirin ban ce zai iso ga mutane ba. Kuma zancen tuwo a juye yake: sugan da ya hau shi ke ƙone ragowar ƙwayoyin, allurar ce ke hutar da su. In suka ƙare, ko mun dace, me za mu farfaɗo?

Ki zaɓa: in rubuto masa cewa ya yi kuskure, ko in ce masa magani zai iso bayan wata shida in ya koma allura.

Ƙaninki, Mika'ilu

Birnin Zazzau, 27 ga Maris, 1991

Mika'ilu,

Sallama da fatan alheri. Duk karatunka iyakar dabararka ke nan? Mutum ya yi magana gaban dattawan unguwa, yaro ya aiko ya ƙaryata shi? Da ya janye gara ya makance, na san kayana. Ƙarya kuwa ba da ni ba.

Na bari ya gama azkar ɗin safe, na ce, "Malam, ashe ragowar ƙwayoyin nan iri ne, allura kuma rumbunsu. Mika'ilu yana roƙon ka riƙe masa amanarsu har ya gama." Sai ya ce, "Amana? Ai sai ya faɗa tun farko." Da kansa ya aika aka ba Sista haƙuri, ya koma allura. Yanzu a zaure cewa yake yi da shi ake binciken.

Idon dama ya washe, shekaranjiya ya zura zare da kansa. Na hagu har yau hazo, likita bai yi alkawari ba.

Sai dai kai ba ka roƙe shi ba, ni na ce ka roƙa. Ka zauna yau ka rubuto roƙon nan, da boko, shafi ɗaya tak, kada in ci gaba da sallah da ƙarya a wuyana.

Malam ya ce a gaida ɓerayen.

Yayarka, Sailuba