Gangar Noma a Ɗakin Gashi

Birnin Kudu

Zuwa ga Malam Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan makaranta. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi a ajin yamma.

An cire wa jikarmu Zahara'u simintin ƙafa. Likita ya ce ƙashin da babur ya karya ya haɗe sarai. Sai dai ta ƙi takawa. Takan ɗaga ƙafar ta tsaya, kamar mai tsoron ruwan sanyi. Mai yi mata gashin ƙashi, Malama Khuzaima, ta ce in aka daɗe a haka gwiwar za ta sandare, ta girma da ɗingishi. Ta ce tafiya ma kiɗa gare ta, ƙafa tana jira ne a ce mata "yanzu". Ta kunna mata wani ƙyas-ƙyas a waya, yarinyar ta ce kukan gyare ne. Da aka tambaye ta kiɗan da take so, sai ta nuno ni da baki: "Gangar tsohon nan."

Malam, na san ba ka son ganga kusa da zuri'arka. Ko ranar bikin ɗanka Yunusa da 'yata Barira ban buga ta a ƙofarka ba. Shi ya sa nake neman izini. In ka yarda, tana rataye a ɗakina a Dingaya.

Naka,
Maikano

Gwaram

Zuwa ga Malam Maikano,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonka ya iso, mun gode Allah da haɗewar ƙashi.

Na yi nazari, na kuma yi shawara. Abin da aka nema don magani ba ɗaya yake da abin da aka nema don shagala ba. Na aika an ɗauko gangar, tana hannun Sada direba. Sharaɗina biyu: ban da kirari, ban da tara jama'a. Ka gaishe da Zahara'u, ka ce mata allonta yana nan ba a wanke ba.

Wassalam,
Abdulbaqi

Birnin Kudu

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ganga ta iso, ni kuma na ɓata aiki a ranar farko.

Ka san kiɗan noma. Aikinsa ya zuga samari a gayya su yi ta ƙara wuta har kunya ta ƙare. Hannuna bai san wani abu ba sai wannan. Na fara a hankali, Zahara'u ta riƙe ƙarafa biyun da ake dafawa a koyi tafiya ta ɗaga ƙafa, zuciyata ta yi tsalle, sai hannu ya gudu. Ta bi ni, ta bi ni, ta zube a kan katifa. Ba ta ji ciwo ba, amma ta yi kuka. Ta ce, "Kai tsoho, ni saurayi ce a gonar wani?"

Malama Khuzaima ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baba, daina sauraron gangarka. Kalli diddigenta. In ya sauka ka buga, in bai sauka ba ka jira."

Tun ranar nake fita bayan gari da hantsi, wajen duwatsun nan, ina koyon jira. Malam, ashe tsakanin bugu da bugu akwai fili. In na tsaya a cikinsa sai in ga gonakin Dingaya da damina, gero yana kaɗawa, ga wata yarinya can nesa tana tahowa a kan kunya da ƙwaryar fura, ba ta sauri. Ban ga fuskarta ba, amma na san tafiyar.

A taya mu da addu'a.

Maikano

Birnin Kudu

Malam! Malam!

Gaisuwa ta biyo baya. Ta taka!

Da safe ne. Na buga ɗaya, diddige ya sauka. Na jira. Na buga, ɗayan ya biyo. Ban ga lokacin da ta saki ƙarafan ba, idona yana ƙasa. Sai na ji ɗakin ya yi tsit, har tsohuwar da ake miƙe wa hannu ta bar nishi. Ƙafafun nan biyu suka yi ta tahowa kamar a mafarki, kamar bisa ruwa, har suka tsaya a gabana. Ta dafa gangar ta ce, "Yau ka yi hankali."

Na yi kuka a gaban mata, ban ji kunya ba. Na buga wa manoman da suka tashi gona guda kafin azahar, ban taɓa jin abin da na ji a faɗin ɗakin nan ba.

An sallame mu. Malama ta ce a ci gaba da yi mata a gida safe da yamma, ko da tafi ne, har ƙafar ta riƙe kiɗan da kanta. Barira za ta kawo ta Gwaram, ni zan wuce Dingaya, ciyawa ta cinye mini gyaɗa.

Naka cikin murna,
Maikano

Gwaram

Malam Maikano,

Assalamu alaikum. Ta iso lafiya. Jiya ta tsaya a bakin zaure ta kasa ƙetarewa, babu kowa kusa sai ni. Na ajiye littafi na buga mata da tafin hannu a kan buzu. Ta ƙetare, ta je har makaranta da ƙafarta. Amma ta ce ban iya ba, wai ina sauri.

Ka shigo ranar kasuwa ka nuna mini. Ka taho da gangar.

Wassalam,
Abdulbaqi