Ba Fushi Ya Sa Na Rufe Kwamfutar Ba

Babana,

Ina gaishe ka. Goggonku ta ce kawu ya samu sauƙin tari, ƙafar kakarku ce da saura, Auta kuma lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ta ce komai a kanka ba. Ni ma lafiya, sai ɗan ciwon baya na ɗaga tsohuwar da nake jinya.

Ranar da muke hira a kwamfuta ka ce Auta ya daina tambayata, na rufe murfin. Wallahi ba fushi na yi ba. Kuka ne ya zo mini, ban so ka gani ba. Da na wanke fuska na buɗe, kwamfutar ta farka, amma alamar intanet ta ɓace. Na kashe na kunna yadda ka koya mini. Na danna maɓallin mai hoton jirgi. Direban gidan ya duba, ya ce abin da ke kamo intanet a cikinta ne bai farka ba, iyakar saninsa ke nan. Ya ara mini wayarsa na kira ka, ba ka ɗauka ba.

Ka rubuto mini abin da zan danna, da manyan haruffa, ka san karatun uwarka. Allah ya yi maka albarka.

Ranar ɗaya ga wata matar gidan da nake aiki ke son jin ko zan ƙara shekara a aikin. Don Allah ka amsa kafin nan. Ba na so in ce mata komai ban ga fuskar Auta ba.

Ummanka