Ku Ce Wa Nyon Ta Jira Ni

Kwatano, watan Afrilu

Zuwa ga maigidana Sabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da 'yarmu Nyon. Ya gona? Ni lafiya lau, sai kewa. Ɗakina na bayan gidan renon yaran da nake aiki ne. Da an kwashe yara da yamma, shiru ya rufe ni, sai ƙarar 'yan acaba. Abinci kullum akasa, tuwon masararsu na nan, har mafarkin sakwarar Inna nake yi.

Aikin dai ga shi nan. Madam Hunsu, mai gidan renon, ta hana goyo. Ran nan ta kama ni da ɗan wata a baya, ta ce wai ke Bake, bayanki zai koya masa tafiya? Sai mu kwantar da jarirai rub da ciki a tabarma, mu ajiye abin wasa nesa kaɗan su rarrafa. Masu tsayuwa mu cire musu takalma, su dafa benci.

Sabi, Nyon ta fara tata? Ina ɗaga 'ya'yan mutane, tawa ban ga ranar da ta zauna ba, ban ga rarrafenta ba. Tafiyar nan kaɗai ta rage mini. Sai lokacin bikin Gani Madam za ta sake ni in zo gida. Ku ce mata ta jira ni.

Taka har kullum,
Bake

Kwatano, watan Yuni

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna? Wasiƙarka ta iso. Ka ce Nyon ba ta taka ba tukuna, wai uwarta take jira.

Makon jiya wani yaro, Kosi, ya saki benci ya tako har cinyata. Na buɗe baki zan yi guɗa, Madam ta harare ni. Ashe dokar gidan ce, in yaro ya fara tafiya a hannunmu, ba a gaya wa uwarsa. Washegari uwar Kosi ta shigo tana rawa, wai ɗanta ya yi takun farko a gabanta jiya da magariba. Na taya ta murna har da tafi, na koma bayan ɗaki na yi kuka.

To, kai kuma ka sako zare a wasiƙar, awon ƙafar Nyon, wai in sayo takalmi mai ƙwari saboda ƙaya. Haba Sabi! Mai rarrafe me za ta yi da takalmi? Ƙarya ma ba ka iya ba, bawan Allah. Ban yi fushi ba, amma zuciyata ta yi ciwo sosai.

Na sayi takalmin, ja ne. Roƙona ɗaya: kada ka gaya mini ranar da ta fara. In na zo gida Nikki, ku zaunar da ita a ƙasa, ku saki, ta taso ta zo wurina. Zan yi guɗa kamar ban sani ba, na riga na iya.

Ka gaishe da Inna.

Matarka,
Bake