Madubin Bindigar Baba

Alhamis, 14 ga Maris 1985, Riyad

Na kasa zama wuri ɗaya. A kaset ɗin da ya aiko, Baba ya ce sau biyu yana kuskuren barewa, idonsa ya fara rauni. Bai taɓa gaya mini ya gaza ba.

Yau na fita nema masa madubin saiti na bindigar farauta. Ɗan Jamus ya fi ƙarfina. Ɗan Japan da sauƙi, amma abokina Musa direba ya ce irinsa na yin hazo da damina.

Mai shagon ya ce, “Ya akhi, wace irin bindiga ce?”

Shekara shida rabona da gida, na manta kamanninta.

Ranar Asabar zan roƙi kafil, maigidan da nake wa aiki, hutu in je gida, ko da zai yi faɗa.